Yadda Na Baro Tabaryata a Ƙasar Holan

Ku matso ku ji, ni kuma in huta. Tun ranar da na dawo ban sha ruwa a natse ba. Wannan ta yi sallama ta ce labarin jirgi take so, waccan ta ce na Turawa, 'yan'uwa na Ruwan Bago da suka zo sannu da zuwa sai da suka kwana biyu suna tatsar bakina. Wadda ta fi kowa naci maƙwabciyata ce Yalwa, kuma tana da gaskiya, don tabaryarta nake ara tun da na dawo, kullum tana tambayar inda na kai tawa. To, na sa autata Asabe, mai koyarwa a firamare a Karaye, ta ɗauki biro. Ni ban san baƙi ba. Abin da na sani gyaɗa ne da mai da ƙuli-ƙuli, shekara arba'in da ɗoriya. Abin da na faɗa shi za ta rubuta, na kuma gargaɗe ta kada ta gyara mini baki.

Ina da jika, ɗan ɗana na fari. Ubansa ya rasu ya bar shi yana rarrafe, ni na goya shi. Sunan marigayi Malam mijina aka sa masa, saboda haka sunan nan bai taɓa fita daga bakina ba. Angona nake ce masa, shi kuma ya ce mini Tsohuwar Amarya. Ya yi ta karatu, ya yi ta karatu, har aka ɗauke shi zuwa ƙasar Holan ya je ya yi lissafi mai zurfi. Shekara uku aka ce mana. Uku ta wuce, huɗu ta wuce, ta biyar ta kama. Sau ɗaya ya zo gida, ya auri Binta 'yar Rogo, ya tafi da ita.

Ana nan sai ga wasiƙa: Binta ta kusa sauka, mahaifiyarta kuma ciwon ƙafa ya hana ta tafiya, ni ake so in je in yi mata wankan jego. Da takardu suka kammala, ɗana Sule, wanda shi ne babba a gidan yanzu, ya shigo ɗakina ya zauna a bakin ƙofa. Ya ce gandu ya yi masa yawa shi kaɗai. Ya ce akwai gurbin koyarwa a sakandare da ake riƙe wa yaron, kuma ba za a riƙe har abada ba. Ya ce a kasuwa har an fara cewa wanke-wanke yake yi wa Turawa. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne, da ya tambaye shi a wasiƙa me yake karantawa, sai yaron ya amsa wai yana binciken yadda ruwa ke zama ƙanƙara, ƙanƙarar da masu firji ke sayarwa a Kano.

"Inna," in ji Sule, "ba wanka kaɗai za ki je yi ba. Ki taho mana da shi. Maganarki ce kaɗai ba ya tsallakewa."

Na ce to. Ban gaya masa nawa dalilin ba. Na tsufa, ina so ranar da za a ɗauke ni yaron nan ya kasance cikin masu ɗauka.

Na haɗa kaya irin na mai zuwa jego: kanwa, gero, daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, citta da kanumfari da masoro, busasshen ganyen darbejiya na wanka, da ƙuli-ƙuli ƙunshi guda. Sai tabaryata ta ƙirya, wadda na gada wurin uwata, don daka yajin jego. Turmi ban ɗauka ba. Asabe ta ce in ɗauki ƙarami, na ce mata wace ƙasa ce a duniya da ba turmi?

Daga garinmu Kafin Dafga muka hau motar kasuwa zuwa Karaye, tabarya a ɗaure a sama tare da awaki biyu. A hanyar Kano taya ta fashe, muka sauka gindin tsamiya. Wata Bafulatana mai nono ta dama mini fura, ta dubi tabarya ta tambaye ni ina zan je da ita. Na ce Holan. Ta ce Allah ya kai lafiya, in gaishe mata da mutanen can, tana da ƙanwa da ke aure wajen. Ban tsaya gyara mata ba, na ce za su ji.

A filin jirgi na Kano aka ɗaura wa tabarya takarda a wuya, aka tafi da ita ta wata ƙofa. Na tsaya ina kallonta har ta ɓace. A cikin jirgi Allah ya haɗa ni da wata Hajiya Rabi, 'yar kasuwar atamfa, mai jin Turanci, wadda ta saba hanyar. Ita ta ɗaure mini ɗamara a kujera, ita ta nuna mini yadda ake salla a zaune, ita ta cinye abincin da aka kawo mini a ɗan faranti, don ni dai ƙuli na ci. Muka yi ta tafiya, muka yi ta tafiya, ba gari ba daji, sai gajimare a ƙasanmu kamar audugar da aka shanya.

Da muka sauka aka jera mu a gaban wani Bature da ke zaune cikin akwatin gilashi. Ya duba takarduna, ya duba fuskata, ya yi tambaya. Hajiya Rabi ta ce yana so ya san wurin wa na zo. Na ce wurin jikana. Ya ce yaya sunansa. Na ce Angona. Ya duba takarda, babu Angona. Na ce to, mai sunan Malam. Shi ma babu. Layi ya yi tsawo a bayanmu, masu tari na tari. Hajiya Rabi ta matso kunnena.

"Inna, ki faɗa kawai mu wuce. Nan ba wanda ya san ki."

Na ce, "Ni na san kaina."

Sai ta juya ta yi masa dogon bayani, cewa a wurinmu mace ba ta kama sunan mijinta, ko yana raye ko ba ya raye, ko a kan wa aka mayar da sunan. Ta karanta sunan da kanta daga wasiƙa, ni kuma na gyaɗa kai. Baturen ya tambaya shekara nawa da rasuwar mijin. Na ce goma sha tara. Ya buga hatimi, ya faɗi wata magana yana murmushi. Hajiya Rabi ta ce wai tasa matar tun safe har yamma sunansa take kira, kuma ba ta taɓa kiransa don alheri ba.

Wurin kaya kuma wani kare ya zo ya zauna a kan jakata ya ƙi tashi. Aka buɗe. Mai binciken ya kwance ƙunshin daddawa, ya ja da baya taku uku. Kanwa ce ta fi tayar musu da hankali, har suka kira na gaba da su. Na ɓantari kaɗan na lasa a gabansu don su ga ba guba ba ce. Da aka zo kan tabarya suka ce ko makami ce. Na karɓa, na gyara ɗaurin zane, na daka musu sau uku a kan daɓensu mai sheƙi. Kafin na huɗu suka ce in wuce.

A waje na same shi cikin wata ƙatuwar riga, ya rame, ido ya faɗa.

"Tsohuwar Amarya, duk tsufan nan ba ki daina bin miji ba?"

Na ce, "Mijin da ya bushe haka wa zai bi? Na zo in ga ko da sauran abin gado."

Ya yi dariya, ya durƙusa nan a gaban Turawa ya gaishe ni kamar yadda aka koya masa. Na duba gefe don kada ya ga idona.

Muka hau jirgin ƙasa. Ƙasar a shimfiɗe take kamar faifai, ko tudu ɗaya babu. Shanu baƙi da fari, ba tozo, ba ƙaho, ba makiyayi, kowace tana kiwon kanta. Na ce da Fulanin Rogo za su ga wannan da sun zauna sun yi kuka. Amma abin da ya fi ba ni mamaki, ku mata ku saurara: tun daga filin jirgi har ƙofar gida, da duk wata ukun da na yi, ban ga mace ɗaya ɗaure da atamfa 'yar Holan ba. Wando suke sawa, baƙi ko toka-toka. Mu suke yi wa, su ba su san daɗinta ba.

Gidan a sama yake, hawa uku, matakala a miƙe kamar tsanin rumbu. Da hannu da ƙafa na hau, da baya kuma nake sauka. Ba tsakar gida, ba murhu, wuta a cikin ƙarfe take fitowa shuɗiya. Na ce wa Binta ta aro mini turmi a maƙwabta. Ta yi dariya har sai da ta riƙe ciki. Duk garin babu turmi. Na jingine tabarya a bayan ƙofa, Angona kuwa kullum ya wuce sai ya gaishe ta ya tambaye ta ya baƙunta.

Abincinsu burodi da cuku da safe, burodi da cuku da rana, da yamma dankali. Ni na tuƙa mana tuwo da wani farin gari da suke sayarwa, ya kamu ba laifi. Rana kuwa ba ta daɗewa. Kina idar da azahar la'asar ta shigo, kina shafa addu'a magariba ta yi. Gaisuwa ba su da ita, kai kawai ake ɗagawa. Akwai wata tsohuwa a hawa na biyu, na ce ni dai ba zan wuce tsarata kamar itace ba. Kullum sai na tsaya na tambaye ta kwana, da gajiya, da sanyi, da iyali, tana kallona. Ranar sha biyu ta buɗe baki ta ce, "Lafiya." Ashe wurin Binta ta je ta tambayo amsar.

Kwana tara da zuwana Binta ta sauka, mace, aka sa mata sunana. A can in mace ta haihu ana turo wata ma'aikaciya gida kwana bakwai ta kula da mai jego. Tamu doguwa ce, mai kirki, mai yawan rubutu a littafi. Ranar farko ta ga tururin ruwan da na haɗa da darbejiya, ta tsoma wani ɗan tsinke na gilashi a ciki, ta ɗaga hannu sama. Na ce a gaya mata mata goma sha ɗaya na yi wa wanka. Ta ce a gaya mini ita ɗari. Muka yi ciniki ta bakin Binta: na surka kaɗan, ita kuma ta sha kunun kanwa kofi guda. Washegari da kofinta ta zo.

Ana cikin wannan hidima, wata rana da hantsi aka buga ƙofa. Angona ya fita kasuwa, Binta na barci. Na buɗe, sai ga wani tsoho siriri, ruwan sama ya jiƙa shi, ya cusa ƙafar wando cikin safa, rigar sanyinsa ta huje a gwiwar hannu, yana riƙe da leda. Ya yi magana, ban ji ba. Na ce Allah sarki, ashe a nan ma akwai mabuƙata. Gidan da aka yi haihuwa kuwa ba a mayar da mai nema hannu wofi. Na zubo masa ƙuli-ƙuli cikin takarda, na haɗa da malmalar tuwon jiya, na ce ya yi wa jaririya addu'a, na rufe ƙofa.

Da Angona ya dawo ya tarar da shi zaune a kan matakala yana gurgurar ƙuli. Malaminsa ne. Babban malamin da ake tasowa daga ƙasashe a zo ɗaukar karatu wurinsa, a kan keke ya zo kawo wa ɗalibinsa takardu. Na rufe fuska da mayafi na shige ɗaki, ban fito ba sai da ya tafi. A wurinmu malami ko na ƙauye ne, ɗalibai ke ɗaukar masa buzu da buta, in yana magana kai a ƙasa. Wannan kuwa, daga ɗaki ina ji, shi da Angona suna musu kamar masu cinikin akuya. Na iya kalmar "a'a" ta Turanci a ranar, don sau ashirin na ji jikana ya faɗa wa malaminsa ita. Da na yi masa faɗa ya ce ai abin da malamin ke so ke nan, ɗalibin da ba ya musu korarsa yake yi.

Na sa ido a kan aikin nasa, tunda abin da aka aiko ni ke nan. Ya zauna bakin taga tun safe. Ya ɗiga ɗigo-ɗigo a takarda layi-layi kamar shukar gyaɗa, ya yi 'yan rubuce-rubuce, ya tsura musu ido, ya dunƙule takardar ya jefa kwando. Gobe haka, jibi haka. Na ga masaƙi, na ga majemi, na ga maƙeri, kowa in yamma ta yi yana da abin nunawa. Jikana kwandon shara yake cikawa. Na ce a raina Sule ya yi gaskiya.

Sai sanyi ya tsananta. Akwai wani kogi da suka haƙa a bayan gidan. Ranar Talata na ga agwagi na iyo a cikinsa. Ranar Alhamis na leƙa na ga mutane suna tafiya a kansa, har da mai tura keken jariri. Na yi salati. Angona ya naɗe ni da bargo ya kai ni, na taka da ƙafata, ruwa ya zama daɓe. A nan bakin kogin na tambaye shi, wannan ne abin da ya riƙe shi shekara biyar?

Ya ce shi ne, kuma ba shi ba ne. Ya ce in lura, sanyi a hankali yake ƙaruwa, amma ruwa ba a hankali yake daskarewa ba. Yana nan ruwa, yana nan ruwa, sai a kai wani gaci, gaba ɗaya ya juye. Ya ce ɗigon da yake yi a takarda, in ɗauka mutane ne a filin idi, kowa na fuskantar inda ya ga dama. Kowane mutum maƙwabtansa huɗu kaɗai yake gani, yana ɗan son ya yi yadda suka yi, zafi kuma yana ta wujijjiga su kamar hayaniya. In hayaniya ta yi yawa, kowa da alƙiblarsa. In ta ragu ta kai wannan gacin, sai fili duka ya zama sahu ɗaya, ba liman, ba ladan.

Na ce, "To wa ya umarce su?"

Ya ce, "Allah."

Na ce, "To ka gama. Mu tafi gida."

Ya yi dariya, ya ce shi yadda Allah ya tsara abin yake son ganewa. Gani da ido daban, hujja daban, kamar a gaban alƙali. Akwai wani irin fili da ba wanda ya taɓa kawo hujjar cewa juyin nan a gaci ɗaya tak yake faruwa, shi ne aikinsa. Sai dariyar ta ɗauke. Ya ce taku ɗaya ya rage masa, kuma shekara biyu ke nan yana kan takun nan. Ya ce ya san abin da Baffa Sule ya aiko ni da shi, ba sai na faɗa ba.

"Na gaji, Inna. In kika ce in taho, sai in taho."

Tun yana yaro bai taɓa ce mini Inna ba sai ranar. Na ji daɗi ya cika mini ciki, sai kuma na ji kunyar daɗin. Sai kawai na ce ƙafata ta yi sanyi.

To, ƙulin da na zo da shi ya ƙare, tsohon malamin nan kuwa ya kamu. Ya aiko wai in ba damuwa yana so ya ga yadda ake yi. Na ce wanda na ba tuwon jiya ai ba na hana shi komai. Angona ya kawo mini wata markaɗaɗɗiyar gyaɗa ta kwalba da suke shafa wa burodi. Na gwada, ta ƙi, sun cuɗa mata wani abu. Sai aka samo ɗanyar gyaɗa a kantin wasu baƙaƙen fata. Na soya, na murje, na fece ɓawon ta taga har ya sauka kan wani mai keke, Binta ta markaɗa a ɗan injinta. Turmi babu, sai muka sa babbar tukunya a ƙasa, Angona ya riƙe ta da gwiwoyinsa. Ranar tabarya ta bar bayan ƙofa.

Ku kun san aikin, amma Asabe ta ce in faɗa don masu karatu. Ruwan zafi ake ɗigawa kaɗan-kaɗan, ana juyawa da tabarya. Ki juya, ki ɗiga, ki juya. Ƙullun ya yi ta tauri, hannu ya mutu, ba ki ga ko ɗigon mai ba. Malamin ya naɗe hannun riga ya karɓa. Ya juya, ya juya, ya yi ja kamar gauta. Da ya ga ba abin da ya fito sai ya ɗauki butar zai tuttula ruwa. Na buge masa hannu. Angona ya runtse ido, malamin kuwa ya ce a tambaye ni laifinsa. Na ce in ka yi gaggawar ruwa ka kashe shi, in ka ajiye tabarya ya huce ka kashe shi, ba mai, ba gyaɗa, sai a ba awaki.

Na karɓa na ci gaba. Can na ce su matso, ya kusa. Ba a yi juyi goma ba sai ga mai ya tsattsafo ta ko'ina lokaci ɗaya, ya kwanta a kan tunkuza yana ƙyalli. Tsohon ya durƙusa har gilashin idonsa ya kusa faɗawa ciki. Ya ce a tambaye ni ta yaya na san ya kusa, alhali ba a ga komai ba.

Ba wanda ya taɓa yi mini wannan tambaya, sai da na yi tunani. Na ce sautin ne ke canzawa, daga caɓ-caɓ ya koma wani nishi. Kuma da farko in ka taɓa nan, nan kaɗai ke motsi. In ya kusa, ƙullun sai ya saki jikin tukunya ya haɗe, ka taɓa wannan gefe, can gefe ya amsa.

Da Angona ya fassara, suka dubi juna. Suka shiga Turanci da sauri, malamin na zane a iska da hannu mai maiƙo. Daga baya Angona ya ce mini kada in ɗauka man gyaɗa da ƙanƙara abu ɗaya ne, ba ɗaya ba ne, kuma ban warware masa lissafinsa ba. Amma alamar da na faɗa ita ce tasu: in an kusa gaci, na nesa yakan fara jin na nesa.

Sai na ce ina da tambaya ga malamin. Angona ya ji tambayar ya ce ba zai fassara ba. Na kira Binta, ta fito da jaririya a kafaɗa. Na ce ta faɗa masa kamar yadda na faɗa.

"Malam, shekara biyar yaron nan yana juyi. Ni ba na jin sautin irin tukunyarku. Kai da kake ji, ya canza ko bai canza ba?"

Tsohon ya goge hannunsa a hankali, bai yi murmushi ba. Ya ce ba zai rantse mini ba, don ya ga ɗalibai masu ƙoƙari da nasu bai fito ba. Ya ce amma takardun da yaron ke zubarwa bana ba irin na bara ba ne. Bara kuskurensa a warwatse yake, bana duk a wuri ɗaya yake taruwa.

"A kunnena," in ji shi ta bakin Binta, "ya saki jikin tukunya. Shekara ɗaya, ko biyu."

Na ce to. Na murza tunkuza, na soya musu ƙuli a cikin man da muka fitar. Malamin ya tafi da ƙunshi a ledarsa, tsohuwar nan ta hawa na biyu ma an kai mata.

Shekara ɗaya ko biyu, ga mai shekaruna, ba ƙaramar magana ba ce. Na yi kwanaki ina juya ta. Amma ni ce na buge hannun babban malami a kan gyaɗar da ba ta fi mudu biyu ba. Ban ga da wane baki zan ce wa jikana ya ajiye tasa tabaryar ba.

Aka yi arba'in, Binta ta yi kyau ta murje, takwarata ta fara dariya. Ranar tafiya Angona ya ɗaure mini kaya, ya ɗauko tabarya zai naɗe ta da zane. Har lokacin ban gaya masa shawarar da na yanke ba, shi ma bai tambaya ba. Na ce ya mayar da ita bayan ƙofa.

"Ba kyauta na ba ka ba, aro ne. Ta uwata ce. Ranar da naka ya fito, ka kawo mini ita da hannunka. Kada ka aiko, kada kuma ka kawo ta kafin nan."

Ya mayar da ita bayan ƙofa. Sannan ya ce wai dama dabara ce irin ta tsofaffin mata, a bar kaya a gidan miji don a samu dalilin dawowa. Na ce ya rufe mini baki ya ɗauki jaka.

A filin jirgi na Kano, Sule na gaishe ni yana leƙen bayana. Ya leƙa, ya leƙa, har mutane suka ƙare. A mota ya tambaya. Na ce masa na je, na gani da idona, ba wanke-wanke yake yi ba, aiki yake yi mai wuya, kuma ni na ce ya zauna. Gandu a nemi 'yan ƙodago, gurbin koyarwa a ba mai rabo. Sai da muka wuce gari biyu, sannan ya ce to me zai gaya wa mutanen kasuwa. Na ce ya ce musu su zo su tambaye ni.

Sun kuwa zo, ku ne nan. Wasiƙarsa ta baya-bayan nan ta ce har yanzu yana juyi, malaminsa na gaisuwa, ta hawa na biyu ta iya "ina gajiya". Ni kuma kullum da asuba ina roƙon Allah ya ara mini kwana, ba don komai ba, ina da kaya a waje da ban karɓa ba.

Nan labarin ya tsaya, Asabe ta ajiye biro. Ke kuma Yalwa, kin ji inda take. Ki ƙara haƙuri da aro, tawa tana Holan tana karatu.